Bishop Samu'ila Ajayi Crowther, Wanda Aka Zalunta Sau Biyu

Da wuya a sami mai bi a ƙasarmu wanda bai taɓa jin sunan Bishop Crowther ba. Amma yawancinmu rabin labarinsa kaɗai muka sani, watau na yaron da aka kama bawa, Allah ya kuɓutar da shi, ya ɗaukaka shi har ya zama baƙin mutum na fari da aka naɗa Bishop cikin ekklesiyar Angalikan. Wannan rabi yana da daɗin faɗi, shi ya sa a kan ba yara shi a makarantar Lahadi. Ɗaya rabin kuwa ba shi da daɗi. Gama sau biyu aka zalunci mutumin nan: na fari yana yaro, a hannun masu cinikin bayi, na biyu yana tsoho da furfura, a hannun 'yan'uwansa masu bi. Na farin ya ga yadda Allah ya juya shi ya zama alheri. Na biyun kuwa, har ya shiga kabari ba a gyara ba. Muna so mu ba da labarin duka a wannan wata, domin cikin masu karatunmu akwai da yawa da su ke ɗauke da kaya irin na biyun nan.

An haife shi wajen shekara ta 1809 a wani gari na ƙasar Yarbawa mai suna Oshogun. Sunan da iyayensa suka sa masa Ajayi. A zamanin nan mulkin Oyo yana rushewa, yaƙi ko'ina, kama mutane a sayar kuwa ya zama sana'a. A farkon 1821, wata rana da safe ana shirin abinci, sai mayaƙa suka kewaye garin. Cikinsu akwai Yarbawa, da Filani, da waɗansu bayi da suka gudu daga iyayengijinsu. Suka sa wa garin wuta. Ajayi ya ga ubansa ya shigo gida ya ce su gudu, ya koma wurin faɗa, bai ƙara ganinsa ba. Aka kama yaron da uwarsa da ƙannensa mata, aka sa musu igiya a wuya.

Washegari aka raba su. Aka yi musanyar Ajayi da doki. Bayan 'yan watanni wanda ya karɓi dokin ya ga bai yi masa ba, aka mayar da ciniki. Daga nan ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu, daga kasuwa zuwa kasuwa, har aka ba da shi a bakin taba da barasa. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne a sayar da shi ga Turawan Fotugal da ke bakin teku. Don tsoron nan har ya yi ƙoƙari ya shaƙe kansa da ɗamararsa, amma bai iya ba. Abin da ya ke gudu kuwa shi ya same shi: aka kai shi Ikko, aka sa masa sarƙa, aka ɗora shi cikin jirgin bayi tare da mutum fiye da 180, za a haye teku da su.

A watan Afrilu 1822, jirgin bai ko yi nisa da gaɓa ba, sai jiragen yaƙi na Ingila masu tsaron teku don hana cinikin bayi suka tare shi. Yaran ba su san an cece su ba ne. Da suka hau jirgin Ingilishi suka ga naman alade a rataye, da harsasan igwa a tare wuri ɗaya, sai suka zaci naman 'yan'uwansu ne da kawunansu. Shugaban jirgin, Kyaftin Leeke ne sunansa. Ku riƙe sunan nan, za mu sake gamuwa da shi.

Aka sauke su a Saliyo cikin watan Yuni, inda a ke zaunar da 'yantattun bayi. Mutanen Mishan na C.M.S. suka karɓe shi. Cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari, ya kuma koyi aikin kafinta wurin wani malami mai suna Weeks, matarsa kuwa ta taimake shi da karatu. Ran 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan wani fasto na Landan, Samu'ila Crowther. Da aka buɗe makarantar Fourah Bay a 1827, sunansa ne na fari cikin littafin 'yan makaranta. Ya zama malami, ya auri wata yarinya mai suna Asano, wadda ita ma daga jirgin bayi aka kuɓutar da ita, suka zauna tare shekara hamsin. Bayan shekaru, da ya rubuta labarin kamunsa, ya lissafta ranar nan ta zama ranar baƙin ciki, ya kuma lissafta ta ranar albarka, domin ita ce ƙofar da ya bi har ya san Yesu Kristi. Bai ce masu kamun sun yi daidai ba. Abin da ya gane shi ne wanda Yusufu ya gane cikin Farawa sura 50, cewa mugun nufin mutane ba ya iya rushe kyakkyawan nufin Allah.

A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jirage uku masu tafiya da wuta su hau kogin Kwara, su ƙulla alkawari da sarakuna a kan barin cinikin bayi. Mishan ya sa mutum biyu cikin tafiyar, Crowther da wani Bajamushe mai suna Schön. Tafiyar ta ƙare da makoki, gama zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40. Amma mu Hausawa masu bi muna da rabo cikinta, domin Schön ya duƙufa kan harshenmu, ya buga littafin kalmomin Hausa a 1843, daga baya kuma ya fassara waɗansu littattafai na Littafi Mai Tsarki. Abin da Mishan ya koya daga mutuwar nan kuwa shi ne, in bishara za ta shiga cikin ƙasa, sai dai 'yan ƙasa su kai ta. Aka kira Crowther Ingila, aka ɗora masa hannu ya zama fasto a 1843.

A 1846 ya shiga Abekuta tare da wani Bature mai suna Townsend, su fara aiki cikin Yarbawa. Bai yi wata guda a garin ba sai aka kawo masa labari uwarsa tana da rai a wani ƙauye kusa. Shekara 25 ke nan da rabuwarsu. Suka sadu, suka riƙe juna suna kuka, magana ta gagara. Ya sami ƙannensa mata kuma. A 1848 aka yi wa tsohuwar baftisma, aka sa mata suna Hannatu, sunan uwar annabi Samu'ila. Ta rayu har ta tsufa ƙwarai a hannun ɗanta.

Daga nan aikinsa ya yi ta faɗi. A 1851 ya tsaya gaban Sarauniya Biktoriya yana ba da labarin cinikin bayi na Ikko, ya kuma karanta mata Addu'ar Ubangiji da Yarbanci. A 1854 ya hau Binuwai tare da Likita Baikie; a wannan karo sun sha kwini kowace rana, ba wanda ya mutu. A 1857 ya kafa aikin Mishan na Kwara, tashar fari a Anacha, ma'aikatan duka baƙaƙe ne, yawancinsu 'yantattun bayi daga Saliyo ko 'ya'yansu. Cikin tafiyar nan jirginsu ya bugi dutse kusa da Jabba ya fashe, suka daɗe a bakin kogi suna jiran wani. Crowther bai zauna yana ƙunci ba, ya shiga koyon Nufanci, har daga baya ya buga littattafai cikin harshen. A 1862 gobara ta cinye gidansa a Ikko, tare da takardun da ya yi shekaru yana tara kalmomi da karin magana na Yarbawa. Ya sake farawa. Littafi Mai Tsarki na Yarbanci, wanda shi ne ginshiƙin fassararsa, ya fito duka a 1884.

Magatakardan C.M.S. a Landan a lokacin nan, Henry Venn, mutum ne mai hangen nesa. Ra'ayinsa shi ne kowace ekklesiya ta ɗauki nauyin kanta, ta yi mulkin kanta, ta kuma kai bishara da kanta, Mishan kuwa ya zama kamar tsanin magini, a janye shi in gini ya tsaya. Shi ya matsa a naɗa Crowther Bishop. Crowther ya ƙi da fari, sai da Venn ya roƙe shi ƙwarai. Townsend, abokin aikinsa na Abekuta, ya yi hamayya da abin, yana ganin Bature ba zai zauna ƙarƙashin baƙin Bishop ba. Don haka aka yanka masa ƙasar aikinsa yadda Ikko da Abekuta, inda Turawa su ke, ba su shiga ciki ba. Duk da haka ran 29 ga Yuni 1864 aka ɗora masa hannu cikin babbar majami'ar Kantabari. Cikin taron akwai Leeke, wanda ya cece shi a teku shekara 42 da suka wuce, da gwauruwar Weeks, wadda ta koya masa baƙaƙe.

In da labarin ya tsaya nan, da kowa ya ce ga shari'ar Allah a fili. Amma saura shekara 27.

Aikin Kwara ba mai sauƙi ba ne. Bishop ba shi da jirgi nasa, sai ya jira na 'yan kasuwa, a shekara kuwa sau ɗaya ruwa ya kan cika har a hau sama. Kuɗi kaɗan ne. A 1867 wani basarake mai suna Abokko, kusa da Ida, ya tsare shi da ɗansa Dandeson, ya ce sai an biya fam 1,000. Wani Bature mai suna Fell, ma'aikacin gwamnatin Ingila a Lakwaja, ya zo ya fitar da su, amma kibiya mai dafi ta same shi suna shiga jirgi, ya mutu. A Bonny, can bakin teku, mutane suka bar bautar guza a 1867, amma tsanani ya biyo baya, har a 1875 aka kashe wani bawa mai bi, Joshua Hart, aka jefa shi a ruwa don ya ƙi cin abin da aka yanka wa gumaka.

Ya kamata mu da ke zaune cikin Musulmi mu lura da yadda ya yi zama da su. Ya yi abuta da Masaba, Sarkin Nufe, ya kan kai masa gaisuwa Bida. Ya kan ba malamai Littafi Mai Tsarki na Larabci. In an yi masa tambaya a fada, kamar yadda aka yi a Ilori a 1872, ba ya zagin addinin kowa, ba ya kuma ɓoye nasa; sai ya buɗe Littafi ya karanta amsa daga ciki. Har a shekarun 1880 Sarkin Nufe Maliki ya aika masa da takarda yana roƙo ya kai kuka wurin Sarauniya a hana shigo da barasa ƙasarsa. Sarki Musulmi ya ga ba wanda zai amince wa da wannan saƙo sai Bishop. Ku tuna kuwa cikin waɗanda suka ƙone garinsu yana yaro akwai Musulmi. Mutumin da ya riƙe ƙiyayya a ciki ba ya iya irin wannan zama.

Venn ya rasu a 1873, iska kuwa ta juya. Kamfanonin Turawa suka yi ƙarfi a kogi, ba su son 'yan kasuwa baƙaƙe na Saliyo da Ikko, waɗanda yawancinsu 'yan'uwan ma'aikatan Mishan ne. A Turai kuma wani ra'ayi ya yi ƙarfi, wai baƙin mutum bai isa shugabanci ba. Aka fara kai ƙarar ma'aikatan Bishop Landan. Aka aiko mai bincike, ya rubuta zargi masu yawa, amma ba a nuna wa waɗanda a ke zargi takardar ba balle su amsa. Aka karɓe sha'anin kuɗi daga hannun Bishop aka ba kwamiti mai magatakarda Bature.

A nan dole mu faɗi gaskiya ta kowane gefe. Ba dukan zargin ne ƙarya ba. Akwai ma'aikatan da suka shiga ciniki suka bar aiki, akwai masu sha, har a Anacha waɗansu biyu suka yi wa wata yarinya dūka ta mutu, aka hukunta su a kotu a Saliyo. Bishop kuwa mutum ne mai taushin zuciya, ya fi son ya yi wa mai laifi gargaɗi ya sake ba shi dama, tashoshin kuma suna nesa da idonsa. A ganinmu wannan rauni ne na gaske. Amma gyaran ɓaraka dabam, rushe gida dabam.

A 1890 waɗansu samari Turawa suka iso, masu zafin himma, shugabanninsu Graham Wilmot Brooke da J. A. Robinson. Nufinsu su kai bishara ƙasar Hausa. Suka zauna a Lakwaja, suka sa riga da rawani, suna koyon Hausa. Da suka dubi ekklesiyoyin kogi sai suka ga ba su kai ma'aunin tsarkin da su ke nema ba, suka hana mutane da yawa cin Jibin Ubangiji, suka yanke cewa aikin shekara talatin banza ne. A watan Agusta aka yi taron kwamiti a Anacha, Bishop yana kan kujera. A gabansa magatakarda, F. N. Eden, ya dakatar da fastocin da shi Bishop ya ɗora wa hannu, har da ɗansa Dandeson, wanda ke kula da ekklesiyoyin bakin teku. Ikon nan kuwa na Bishop ne, ba na magatakarda ba. Tsoho mai shekara 80 da ɗoriya, wanda ya fara hawan kogin nan tun ba a haifi ko ɗaya daga cikinsu ba, yara suka tsawata masa kamar ɗan aike. Ya sauka daga shugabancin kwamitin.

Labarin ya tada ƙura a Ikko da Saliyo. Waɗansu suka fita suka kafa ekklesiya tasu ta 'yan ƙasa a 1891. Da Crowther ya so, da ɗaga hannu kaɗai zai yi dubbai su bi shi. Bai yi ba. Amma kada a ce shiru ya yi kamar wanda ya yarda da zalunci. Ya rubuta wa Mishan amsa a kan zargin, ya tsaya wa ma'aikatan da ya san ba a yi musu adalci ba, ya kuma goyi bayan ekklesiyoyin bakin teku su ɗauki nauyin kansu, kamar yadda Venn ya koyar tun dā. Abin da bai yi ba shi ne ramuwa. Bai zagi samarin nan ba, bai kuwa juya wa Mishan ɗin da ya reno shi baya ba.

Mun san waɗansu za su ce wannan rashin ƙarfi ne, ko kuwa ladabi ne da ya wuce kima ga Turawa. Mu ba mu ga haka ba. Manzo Bitrus, cikin wasiƙarsa ta fari sura 2, ya nuna mana Ubangijinmu da aka zage shi bai mayar ba, ya miƙa al'amarinsa ga Alƙali mai gaskiya. Wanda bai gaskata akwai Alƙalin nan ba, dole ya karɓi hakkinsa da hannunsa yau, gama in ya bari ya tafi ke nan. Crowther ya riga ya ga hannun Alƙalin sau ɗaya. Ya jira shekara 25 kafin ya ga uwarsa, shekara 43 tsakanin igiyar wuya da Kantabari. Mutumin da aka koya wa jira haka ya san agogon Allah ba na mutum ba ne. Bambancin kawai, a karo na biyu kwanakinsa ba su kai ya gani ba. Ibraniyawa sura 11 ta lissafta irin waɗannan, masu bangaskiya da suka mutu ba su karɓi abin da aka alkawarta ba, ba ta kuwa sa su ƙasa da waɗanda suka karɓa ba.

A tsakiyar 1891 ciwon shanyewar jiki ya kama shi. Ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba 1891.

Robinson ya riga shi, ya mutu a Lakwaja cikin 1891, Brooke kuma ya bi a watan Maris 1892, ba wanda ya kai Kano cikinsu. Mun taɓa jin masu wa'azi suna cewa hukuncin Allah ke nan a kansu. Kada mu faɗi haka. Sun yi kuskure mai girma, sun ƙuntata wa bawan Allah, amma sun ba da ransu don bishara ta kai gare mu. Don tunawa da Robinson aka kafa wata ƙungiya a Ingila ta nazarin Hausa, ɗan'uwansa Charles Robinson ya zo har Kano, ya kuma wallafa ƙamus. Daga wannan zuriyar aiki Likita Miller ya fito, wanda ya zauna a Zariya, ya yi aikin fassara har Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Ashe mu Hausawa masu bi muna da bashi a wuyanmu ga wanda aka zalunta, muna kuma da bashi ga waɗanda suka zalunce shi. Rarrabe wannan ya fi ƙarfinmu, sai Mai sanin zukata.

Ekklesiyoyin bakin teku suka tsaya da ƙafafunsu a watan Afrilu 1892, Dandeson yana jagora, ba su kuwa rushe ba kamar yadda aka yi zato. Amma kujerar Bishop, Bature aka ba. Baƙaƙe sai mataimaka a ke naɗa su, har shekara 60. Sai a 1952 aka sake ba ɗan ƙasa kujerar kansa a Nijeriya. Jikansa Herbert Macaulay ya zama ɗaya daga cikin iyayen neman mulkin kai. A 1976 aka tono ƙasusuwan Bishop daga makabartar Ajele aka sake binne su a babbar majami'ar Kristi ta Ikko. A 1979 ekklesiyar Angalikan ta Nijeriya ta sami cikakken mulkin kanta, a 2005 kuma aka buɗe jami'a da sunansa a Oyo.

A watan Yuni 2014 aka yi sujada ta godiya a Kantabari. Babban Bishop na lokacin, Justin Welby, ya tsaya gaban jama'a ya amsa cewa an ci amanar Crowther, an ƙasƙantar da shi ba bisa gaskiya ba, ya bayyana kunya da tuba a madadin ekklesiyar Ingila. An yi wannan cikin ɗakin da aka ɗora masa hannu, shekara 150 bayan naɗinsa, shekara 122 da rabi bayan rasuwarsa.